Kafin ka ba da kwangilar rushe gini

Duk ɗan kwangilar da ya zo duba ginin da kake son rushewa, fara yi masa tambaya ɗaya: ta ina za ka fara? Wanda ya san aikin zai ce daga sama. Abin da magini ya ɗora a ƙarshe shi ake fara saukewa: rufi, sannan dakin (wato shimfiɗar kankaren da ke tsakanin hawa da hawa), sai bim (ƙarfafan dogayen kankaren da ke ɗauke da dakin), bango da ginshiƙai, hawa bayan hawa. Wanda ya ce zai sassaƙe gindin bango a ture shi, sallame shi. Bangon da aka ci gindinsa ba ya jiran a shirya masa, kuma galibi kan mai sassaƙar yake faɗowa.

Kafin a ɗaga guduma, a yanke wutar lantarki daga tushe, domin kashe mita kaɗai bai isa ba. A rufe bututun ruwa da na gas. Ka nuna wa ɗan kwangilar inda shadda da tsohuwar rijiya suke. Murfinsu ba ya ɗaukar nauyin katafila.

Wurare biyu ne suka fi yaudarar leburori. Baranda mai leƙowa waje, nauyin ginin da ke bayanta ne ya riƙe ta, da zarar an cire shi sai ta kife. Haka dakin: idan ana tara masa ɓaraguzai maimakon a riƙa saukewa, zai burma ya danne na ƙasa. Gini mai hawa, ko mai haɗa bango da maƙwabci, sai injiniya ya duba shi tukuna. A ɗauki hoton bangon maƙwabcin kafin a fara, saboda rigimar tsagewa daga baya.

Sai ƙura. Ƙurar siminti da bulo tana da ƙwayoyin silika masu yi wa huhu tabon da ba ya warkewa, don haka a riƙa yayyafa ruwa yayin fasawa. Ta asbesto ta fi muni. Tsofaffin rufi da silin da yawa da shi aka yi su, kuma sankarar da yake haddasawa takan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana. Ba a fasa shi, ba a yanka shi da inji. A jiƙa shi, a kwance shi ɗungurungum, a naɗe cikin leda mai kauri. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare wannan ƙurar, sai takunkumi mai matata na musamman, tare da hular kwano da takalmin aiki.

Nemi ganin takardar rajistar ɗan kwangilar, inshorar ma'aikatansa da izinin hukuma, ka kuma je ka ga wani aikin da ya kammala. A rubuta yarjejeniya: wa zai kwashe ɓaraguzai, ina za a zubar, a killace wurin da me don kada yara su shiga. Biya kuma kashi-kashi, gwargwadon aikin da aka gama. Kada ka yarda rodin da aka ciro ya zama ladan leburori. In ka yi haka, za su yi ta hanzarin yanke ƙarfen ginshiƙi tun yana ɗauke da nauyi.