Mugun Baki da Zuciyar da Ke Bayansa: Tambayoyi da Amsoshi

"Suɓutar baki ce, ba haka nake nufi ba." Shi ma zunubi ne?

Zunubi ne. A Matiyu 12:34 Yesu ya nuna cewa abin da ya cika zuciya shi baki ke furtawa. In tulu ya karkata, abin da ke cikinsa ne zai zubo. Fushi bai ƙirƙiro maka zagin ba, murfi kawai ya buɗe.

Ai gaskiya na faɗa.

Da gaskiya ma ake yin gulma. Ma'aunin Afisawa 4:29 shi ne: maganar tana ginawa? Ta dace da bukatar lokacin? Ta amfani mai ji? Ka daina fakewa da "ni ba na munafunci".

To in kama bakina kawai?

Ka kama, amma shiru da gaba a ciki ba warkewa ba ne. Yakubu 3:8 ya ce ba mai iya horar da harshe. Dubi jerin halayen da Afisawa 4:31 ta ce a rabu da su: da ɗacin rai ya fara kafin ya kai ga zage-zage. Wanda sunansa ba ya fita bakinka sai da suka, tambayi kanka: hassada ce, tsoro ne, ko tsohon ciwon da ba ka yafe ba? Wannan za ka kai wa Ubangiji, ka ambaci abin da sunansa.

Na san laifin da wani ɗan'uwa ke yi. Yaushe faɗa wa wani yake zama gulma?

Nan kam sai a hankali. Matiyu 18:15-17 ta shimfiɗa tsari: ka same shi ku biyu kaɗai; in ya ƙi ji, ka koma da mutum ɗaya ko biyu; in ya sake ƙi, sai ikkilisiya. Yawanci matakin farkon ake tsallakewa don yana da nauyi, a tafi taron addu'a a rage murya: "Mu sa wane a addu'a, kun dai san halin da ake ciki." Kafin a ce amin, mutum goma sun ji. Gulma ce ta sa rigar addu'a.

Amma ba kowane faɗa ne gulma ba. Neman shawarar fasto ko dattijo mai riƙon asiri ya halatta, kuma sau da yawa ba sai ka ambaci suna ba. In kuwa ana cutar da yaro, ko ana dukan wata, ko rai na cikin haɗari, kada ka tsaya jiran matakai, kada kuma ka tunkari mai cutarwar kai kaɗai. Ka sanar da masu ikon tsayar da abin, har da hukuma. Ko zargi a kan dattijon ikkilisiya, 1 Timoti 5:19 shaidu biyu ko uku ta nema, ba ta ce a binne ba. Kafin ka buɗe baki, duba: da idonka ka gani ko ji ka yi? Wanda za ka faɗa wa zai iya gyarawa? In kuma ka ji faɗar tana yi maka daɗi, dakata tukuna.

Na ɓata wa mutum suna, na roƙi Allah gafara. Ya isa?

Da sauran aiki. Matiyu 5:23-24 ta ce ka bar baikon da ka kawo wa Allah a gaban bagade, ka fara shiryawa da ɗan'uwanka. Faɗi ainihin abin da ka ce, ban da "in na ɓata maka rai". Sannan ka koma wurin duk wanda ka faɗa wa ka janye maganar. Kada ka karaya: Bitrus ya yi musun Yesu har da rantsuwa, amma a Yohanna 21 shi Yesu ya ba kiwon tumakinsa, wato kula da masu bi.