Tsofaffin wuƙaƙe da masu tara su a Damagaram

Tara tsofaffin wuƙaƙe shi ne neman wuƙaƙen da aka yi aiki da su a da, a adana su tare da kubensu da tarihinsu. A Zinder, wato Damagaram, abin ya shafi iri biyu: ƙirar maƙeran gida, da wuƙaƙen aljihu masu naɗewa da suka shigo daga Turai.

Damagaram ta daɗe da sanin ƙarfe. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, maƙeran birnin har igwa sun ƙera. Garin kuma yana kan hanyar fatake da ta taso daga Tarabulus ta bi Agadas ta sauka Kano, kuma ta wannan hanyar ruwan takubba na Solingen a Jamus ya riƙa isowa, a yi masa ƙota da kube a nan. Shi ya sa ake ganin takobi mai tambarin wata biyu a jikinsa, amma sauran aikin duk na ƙasar nan ne. Maƙeran gida ma sun kwaikwayi tambarin, don haka shi kaɗai ba ya tabbatar da asali.

Wuƙar maƙeran baƙi kuwa ana ƙera ta da zuga-zugi da gawayin ƙirya, a kama ta da awartaki a buga da masaba a kan uwar maƙera. A da daga tama ake samun ƙarfen. Yanzu galibi sifirin ɗin mota ne. Kowace sana'a da tata: wuƙar mahauci, askar wanzami da ke kwana cikin zabira, laujen manomi, gizagon masassaƙi. Wadda aka fi nema ita ce wuƙar damtse da aka san Abzinawa da ita, mai zoben fata a jikin kube wanda ake zura hannun hagu a ciki, ƙotar na kallon tafin hannu yadda dama za ta zare ta nan take.

Kube shi ne inda hannun Damagaram ya fi fitowa. Majema na jeme fatar akuya da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, dukawa su ɗinka su yi mata ado da tsanwa da zane mai laushi. Tsohon kube yakan yi duhu da sheƙi a daidai inda yatsu suka saba kamawa, bakinsa ya ɗan buɗe saboda yawan zarewa. Wannan alama ba ta sayuwa a kasuwa, kuma wuƙar da ta rabu da kubenta ta rasa rabin darajarta.

Wuƙaƙen aljihu sun yaɗu ne bayan Faransawa sun kama Zinder a 1899, garin ya zama hedkwatar mulkinsu a Nijar daga 1911 zuwa 1926. Sanannu a cikinsu akwai Douk-Douk, da kamfanin Cognet ya fara yi a Thiers ta Faransa a 1929, mai ƙotar fallen ƙarfe da aka naɗe. Da Opinel mai ƙotar itace. Da Okapi, da aka fara ƙerawa a Jamus a 1902 kafin aikinta ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Rubutun da ke gindin ruwan wuƙar ne ke nuna inda aka yi ta.

Babbar ɓarna ita ce goge tsohuwar wuƙa da magagari don ta yi ƙyalli: tambari ya tafi, sawun masaba ya tafi. Ɗan mai da tsumma sun isa ga tsatsa, kuma da damina a riƙa zare ta daga kube don fata na riƙe danshi. Ya kamata a rubuta gidan da ta fito da aikin da ta yi tun masu sani suna raye. Game da fitar da ita waje, Nijar na da dokar 1997 mai kare kayan tarihi, wadda ta sa sharuɗɗa a kan fitar da irin waɗannan kaya daga ƙasa.