Ku Daina Miƙa Kunnenku ga Wanda Bai Koyi Aikin Ba

Kusan kowane mako sai an kawo mana yaron da kunnensa ya daɗe yana zubar da mugunya, kuma idan muka tambayi mahaifiyarsa abin da aka yi masa, amsar ba ta cika canzawa ba: an ɗiga man ja, an matsa ruwan albasa, an zuba turare, daga baya mai kemis ya ba da maganin ɗigawa ba tare da ya leƙa cikin kunnen ba. Sai da malamin makaranta ya yi ƙorafin cewa yaron ba ya amsa kira sannan aka tuna da asibiti.

Iyayena mata, na san tausayi ne yake sa ku yin haka, domin babu uwar da za ta iya barci ɗanta yana riƙe da kunne yana kuka. Amma ku ji ni da kyau. Kunnen da yake fitar da ruwa, sau da yawa dodon kunnen ya riga ya huje, don haka duk abin da kuka zuba ciki yake wucewa, kuma hatta wasu magungunan ɗigawa na kemis suna iya lalata ji idan suka bi ta wannan huji. Jin da ya mutu a can ciki ba ya dawowa.

Maza ma ba a bar su a baya ba. Magidanci da hankalinsa zai zauna a tasha ya miƙa kunnensa ga mai sakace kunne, wanda ƙarfen da ya sa wa mutum goma shi zai sa masa, ko kuma ya ɗauki tsinken ashana ko gashin kaza ya yi ta tura daudar ciki. Haba jama'a! Wa ya koya wa wannan mutumin aikin kunne, kuma wa zai tuhume shi idan ya fasa maka dodon kunne?

Aikin nan yana da ma'abotansa. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro shi ne mai duba cuta da yin tiyata, kuma rajistarsa tana hannun hukumar kula da aikin likitoci ta Najeriya, wato MDCN. Masanin ji kuwa shi ne yake auna ƙarfin jin mutum da na'ura, ya gano inda matsalar take, ya zaɓa masa na'urar taimaka wa ji da ta dace da shi, kuma hukumar kula da masu aikin farfaɗo da lafiyar gaɓoɓi ta Najeriya, wato MRTB, wadda aka kafa da dokar soja ta 38 ta shekarar 1988, ita take yi masa rajista ta ba shi lasisi. Babu rashin kunya a tambayar mutum takardarsa kafin ya taɓa ka. Wanda ya sayar maka da na'urar ji a kasuwa ba tare da gwaji ba, ƙara kawai ya sayar maka, kuma tana iya ƙarasa ɗan jin da ya rage.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara daga abubuwan da ake iya kaucewa take zuwa, kuma wannan shi ne yake ƙara ɓata mini rai.

Abin yi ba shi da yawa. Kada a zuba komai, kada a tura komai. A goge ruwan da ya fito waje da tsumma mai tsabta, a hana ruwan wanka shiga, a kai yaron asibiti cikin kwanakin farko. A kammala rigakafin ƙyanda da sanƙarau, kuma yaron da ya tashi daga sanƙarau a gwada jinsa da wuri. Idan babu masani a asibitinku, ku nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa mafi kusa, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.