Ilimin halayyar ɗan Adam ba duba ba ne

Da zarar ɗalibi ya ce yana haɗa ilimin halayyar ɗan Adam da na kula da ma'aikata a jami'a, sai a ce, "To, faɗa mana abin da ke ranmu." Wasu kuma su ɗauka masu taɓin hankali zai riƙa yi wa magani. Duka biyun kuskure ne.

Tun 1879 da masani Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta Jamus, ilimin halayyar ɗan Adam a kan awo yake tafiya, ba kallon fuska ba. Shi ya sa darasin ƙididdiga ke jiran ɗalibi, kuma nan ne masu gudun lissafi ke shan kaye.

Wajen ɗaukar ma'aikata fannonin biyu ke haɗuwa. Da farko a tantance aikin: me mai kujerar zai riƙa yi kullum? Sai a tsara tambayoyi iri ɗaya ga kowane mai nema, alƙalai biyu ko uku su ba da maki, a ce 1 zuwa 5, kowa a takardarsa, kafin su haɗa baki. In aka bar ganawar kara zube, mai zaƙin baki ke cinyewa, domin mai tambaya kan yanke hukunci da wuri, sannan ya ƙare lokacin yana neman abin da zai gaskata shi.

Rubuta magani kuwa aikin likitan ƙwaƙwalwa ne. A Najeriya, mai wannan digiri cibiyar CIPM ta ƙwararrun jami'an kula da ma'aikata yakan nufa don yin rajista.