Galahanga a Ƙuruciya: Shakkar Hukuncin Likita da Lalurorin da Ke Kama da Ita

Galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, lalura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma. Tana bayyana ta fuska biyu: wahalar cuɗanya da fahimtar juna tsakanin yaro da mutane, da kuma naci a kan abu guda ko tsari guda. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da ita. Likita yana yanke hukunci ne daga abin da ya gani a halin yaro da labarin da iyaye suka ba shi. Shi ya sa shakka ke yawan biyo baya, daga iyaye, daga dangi, wani lokaci ma daga yaron kansa idan ya yi wayo. Yawancin wannan shakkar tana da tushe, domin lalurori da dama suna kama da galahanga, wasu kuma tare suke zuwa da ita a jikin yaro ɗaya.

Suna

Kafafen yaɗa labarai na Hausa sun fi amfani da kalmar galahanga, amma a bakin jama'a kalmar ta fi haka faɗi. Akan kira mai lalurar Down da ita, haka ma yaron da gaɓɓansa suka shanye saboda raunin ƙwaƙwalwa lokacin haihuwa. Uwar da aka ce wa ɗanta yana da galahanga, alhali tana ganinsa yana gudu yana hawa katanga, sai ta ce likita bai duba da kyau ba. Wani ɓangare na shakkar daga sunan yake farawa.

Tarihin ganewa

Kalmar otizim ta fito ne daga likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, Eugen Bleuler, wajen 1908 zuwa 1911. Shi da ya ƙirƙiro ta, manya masu taɓin hankali yake siffantawa, waɗanda suka janye daga mutane suka shige duniyar kansu. Wata likita a Mosko, Grunya Sukhareva, ta rubuta bayanin yara maza shida masu wannan hali a tsakiyar shekarun 1920, amma an daɗe ba a waiwayi aikinta ba.

Wanda aka fi jingina wa gano lalurar shi ne Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka. A 1943 ya wallafa bayanin yara 11, maza takwas mata uku, waɗanda ba su damu da mutane ba tun suna jarirai, kuma ba sa son a sauya musu komai. Na farko a jerin, Donald Triplett, ya girma ya yi aikin banki, ya tuƙa mota, ya yi yawon ƙasashe, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. A 1944 Hans Asperger ya bayyana wasu yaran a Biyana, masu iya magana sosai amma ba sa gane yadda ake zama da tsara.

Shekarun da suka biyo baya sun yi wa iyaye mata rashin adalci. An yaɗa ra'ayin cewa sanyin zuciyar uwa ne ke jawo lalurar, kuma wani masanin halayyar yara, Bruno Bettelheim, ya tallata shi a shekarun 1960. Bernard Rimland, wanda shi ma uban yaro ne mai galahanga, ya ƙalubalance shi a 1964, sannan binciken tagwaye da Susan Folstein da Michael Rutter suka fitar a 1977 ya nuna gado yana da babban hannu a ciki. Wannan tarihin ya cancanci a tuna da shi, domin har gobe akwai gidajen da uwa ce ake fara tuhuma da rashin tarbiyya.

Iyakar lalurar ta yi ta matsawa. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM, ya ba ta gurbi nata a 1980. Lorna Wing ta Ingila ta kawo tunanin cewa mataki-mataki ce, daga mai tsanani zuwa mai sauƙi. A 1994 aka shigar da lalurar Asperger a matsayin suna dabam, a 2013 kuma aka soke rabe-raben aka haɗe su a inuwa ɗaya mai matakai uku, gwargwadon taimakon da mutum ke buƙata. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-11, da ya fara aiki a Janairun 2022, ya bi wannan sawun. Ma'ana, yaron da aka ce ba shi da ita a 1985 ana iya cewa yana da ita a yau, shi kuwa bai canza ba.

Alƙaluma sun bi ma'aunin. Victor Lotter ya samu yara huɗu zuwa biyar cikin 10,000 a Ingila a 1966. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce yaro ɗaya cikin 150 a 2000, ɗaya cikin 36 a 2020, ɗaya cikin 31 a 2022. Ko hauhawar ta gaske ce ko faɗaɗa ma'auni da wayewar kai ne, ana jayayya. Mafi yawan masana sun karkata ga na biyun. Lotter ɗin nan ya zagaya ƙasashen Afirka shida, har da Najeriya, ya wallafa a 1978 cewa cikin yara sama da 1,300 masu raunin fahimta, tara ne suka cika sharuɗɗan.

Shakka a gidajen Jos

Abin da aka fi ji daga dangi shi ne nauyin baki ne kawai. Kaka takan ce, "Ki kwantar da hankalinki, ubansa ma sai da ya shekara huɗu ya buɗe baki." Wani lokaci gaskiyarta ne. Amma mai nauyin baki yana nuna abu da yatsa, yana kawo wa uwa abin da ya tsinta don ta gani, yana kwaikwayon yayyensa idan suna salla ko shara. Mai galahanga sau da yawa yakan kama hannun uwa ya ɗora a kan randa kamar wata sanda ce ya riƙe, ba ya duban fuskarta. Yana iya shafe rabin yini yana jera murafen kwalba a layi, in aka goce ɗaya ya fasa ihu, ko ya toshe kunne da zarar an tayar da injin niƙa a maƙwabta, ko ya ƙi rigar sanyi a tsakiyar hunturun Jos saboda ƙaiƙayin zarenta.

Tambayoyin tantancewa kuwa an tsara su ne a wata al'adar. Takardar M-CHAT, da ake cikewa don yara 'yan wata 16 zuwa 30, tana tambaya ko yaro yana haɗa ido da mutum, ko yana amsa sunansa. Ɗan Bahaushe ana koya masa sunkuyar da kai gaban manya, ɗan fari kuma uwarsa ba ta ma kiran sunansa saboda alkunya, mai sunan kaka ana ce masa Abba ko Baffa. Likitan da ya kira sunan da ke kan kati bai ji amsa ba, bai gano komai ba tukuna. Kunya dai tana da wuri da lokaci: mai kunyar baƙo yana sakewa da ƙannensa a tsakar gida, mai galahanga kuwa halinsa yana bin sa ko'ina.

A gari irin Jos, inda yaro ke jin Hausa a gida, Birom ko Angas a maƙwabta, Turanci a makaranta, akan ɗora laifin a kan yawan harsuna. Bincike bai goyi bayan haka ba, kuma hana yaro harshen gidansu ba ya ƙara masa komai.

Akwai kuma yaran da suke fara magana sannan kalmomin su ɓace, yawanci tsakanin wata 18 zuwa 24. Ana ganin haka a kusan ɗaya cikin huɗu na masu lalurar. Lokacin ya yi daidai da yaye, sa'ad da ake kai yaro wurin kaka, sai a ce kewar uwa ce, ko kambun baka, ko shafar iska. Zargin cewa allurar rigakafi ce ke jawo lalurar ya samo asali daga rahoton wani likita, Andrew Wakefield, na 1998. Mujallar likitoci ta Lancet da ta wallafa shi ta janye shi a 2010, manyan bincike kuma ba su samu alaƙa ba.

Lalurorin da ke kama da ita

Rashin ji shi ne na farko da ya kamata a kawar, musamman a Arewa inda sanƙarau, ƙyanda, shawarar jarirai da ciwon kunne mai ruwa ke kurmantar da yara. Kurma ba ya amsa kira, ba ya magana, amma idonsa yana kan fuskar mutane, kuma yana ƙirƙiro alamun hannu don a gane shi. Cewar iyaye "ai yana jin ƙarar babur" ba hujja ba ce, domin yaro yana iya jin babbar ƙara ya kasa tsintar sautukan magana. Ana iya gwada jin jariri ko da yana barci, da na'urar da ake liƙa wa wayoyi a kai.

Raunin fahimta yana jinkirta komai tare, magana da wasa da koyon cin abinci da kai, amma yaron yana son mutane daidai da matakin hankalinsa. Wajen kashi ɗaya cikin uku na masu galahanga suna da shi su ma. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa da gubar dalma suna iya barin irin wannan rauni. Gubar da ta ɓulla a Zamfara a 2010 ta kashe yara aƙalla 400, ta bar wasu da naƙasa.

Lalurar rashin natsuwa da yawan ƙiriniya, ADHD, ita ce ta fi cuɗewa da galahanga. Kafin 2013 ƙa'idar DSM ta hana a rubuta wa yaro guda su biyun, sai likita ya zaɓi ɗaya, kuma mutane da yawa da aka duba a wancan zamanin suna ɗauke da rabin bayani. Ƙiyasin masu galahanga da ke da ita ya kama daga kashi ɗaya cikin uku zuwa sama da rabi. Bambancin da akan lura: mai ƙiriniya ya san ƙa'idar wasa haƙurin jira ne ba shi da shi, mai galahanga kuwa ƙa'idar ce ba ta bayyana gare shi ba.

Farfaɗiya ba kullum take kayar da mutum ba. Akwai wadda yaro zai ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi ya dawo kamar ba a yi ba, akwai kuma nau'in Landau da Kleffner, da aka bayyana a 1957, wanda ke ƙwace maganar yaro bayan ya iya ta. Gwajin motsin lantarkin ƙwaƙwalwa ke nuna su. Farfaɗiya ta fi yawa a masu galahanga fiye da sauran yara.

Tsoro da firgici ma suna rufe bakin yaro. Wani yana surutu a gida amma ba ya cewa uffan a makaranta, kuma wannan lalurar fargaba ce mai suna nata. Yaron da ya ga tashin hankali, irin wanda Jos ta sha a 2001, 2008 da 2010, yana iya janyewa, ya riƙa razana da ƙara. A nan akwai ranar da abin ya fara, kuma kafin ta yaron lafiya lau yake. Binciken Rutter na 1999 a kan marayun Romaniya da aka kai Ingila ya samu kusan kashi 6 cikin 100 da alamu masu kama da galahanga saboda tsananin rashin kulawa, da yawansu kuma sun samu sauƙi a sabbin gidajensu.

Lalurar Rett, da ta fi kama 'yan mata, da ta Fragile X, su ma suna kama da galahanga, amma gwajin ƙwayoyin gado ke tabbatar da su.

'Yan mata

Cikin masu galahanga, ana samun maza uku zuwa huɗu a kan mace ɗaya. Yarinya mai shiru akan yaba mata da natsuwa, sai a makara wajen ganewa.

Ko hukuncin yana canzawa

Hukuncin ƙwararre a kan ɗan shekara biyu yawanci yana ɗorewa, amma ba kullum ba. Deborah Fein da abokan aikinta sun bayyana mutum 34 a 2013 waɗanda aka tabbatar suna da lalurar suna ƙanana, daga baya suka daina cika sharuɗɗanta. Wani bincike na asibitin yara na Boston a 2023 ya bi yara 213 da aka gano kafin su wuce shekara uku, ya tarar kashi 37 cikin 100 ba su cika sharuɗɗan ba a shekara biyar zuwa bakwai. Dukansu sun samu horo daga ƙwararru a tsakani. Ko kuskure aka yi tun farko, ko horon ne ya yi aiki, ko girma ne, masana sun rabu. Da yawa daga irin waɗannan yaran sukan ci gaba da fama da rashin natsuwa ko fargaba ko matsalar karatu.

Sake dubawa

Neman ra'ayin likita na biyu haƙƙin iyaye ne, kuma ba raini ba ne ga na farko. Cikakken bincike yana haɗa gwajin ji, tarihin ciki da haihuwa da cututtukan da yaro ya yi, kallonsa yana wasa fiye da sau ɗaya, da bayanin malaminsa na boko ko na Islamiyya. Gajeren bidiyon da aka ɗauka da waya a gida yana taimaka wa likita ƙwarai, haka zuwa da wanda ya fi zama da yaron, ko kaka ce ko yaya. Abin da ke cutarwa shi ne a dakatar da horon magana da na mu'amala har sai an gama gardamar suna, alhali horon yana amfanar yaro ko wanne suna aka tsaya a kai. Addu'a da asibiti ba sa karo da juna. Duka, ɗauri da turaren da ke shaƙe yaro su ne abin gudu. Babu maganin da ke warkar da galahanga. Magungunan risperidone da aripiprazole ana ba da su ne don rage tsananin fushi da cutar da kai, bisa kulawar likita.

A Jos, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sassan yara, kunne da ƙwaƙwalwa, Jami'ar Jos kuma tana horar da malaman ilimi na musamman. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ita ta kafa hukumar ƙasa mai kula da su, wadda hedikwatarta ke Abuja.