Saƙon Kiristanci na Farko: Yahudawa Aka Nufa da Shi ko Sauran Al'ummai?

Wannan tambaya tana yawan tasowa a muhawara tsakanin Musulmi da Kirista, kuma sau da yawa kowane ɓangare yakan riƙe aya guda ya kau da kai daga sauran. Amsoshin da ke nan sun bi abin da ke rubuce a Sabon Alkawari da tarihin ƙarnonin farko na miladiyya.

Su wane ne ake kira "al'ummai"?

A Littafi Mai Tsarki na Hausa, "al'ummai" na nufin duk wanda ba Bayahude ba. Amma a zamanin Yesu mutane ba kashi biyu kawai suka rabu ba. Akwai Bayahude haifaffe. Akwai wanda ya shiga Yahudanci gaba ɗaya, ya yi kaciya, ya ɗauki Shari'ar Musa. Akwai Samariyawa, masu riƙe da littattafan Musa biyar amma suna sujada a Dutsen Gerizim. Akwai kuma "masu tsoron Allah": Helenawa (wato Girkawa) da Romawa da ke zuwa majami'a ranar Asabar, suna sauraron Attaura, amma ba su yi kaciya ba. A riƙe wannan rukuni na ƙarshe, domin ta kansu ne saƙon ya fi saurin tsallakawa.

Yesu da kansa, su wa ya yi wa wa'azi?

Yahudawa. A kan wannan babu wata jayayya mai ƙarfi tsakanin masana tarihi. Aikinsa ya gudana a ƙauyukan Galili da Yahudiya, a majami'u da harabar Haikalin Urushalima, har zuwa gicciye shi, kamar yadda Linjila ta ruwaito, a shekara ta 30 ko 33. Ya zaɓi almajirai 12, adadin kabilun Isra'ila, kuma Matiyu 19:28 ya haɗa lambobin biyu a fili. Da ya aike su wa'azi, a Matiyu 10:5-6, ya hana su bin hanyar al'ummai da shiga garin Samariyawa, ya ce su nufi ɓatattun tumakin gidan Isra'ila. A Matiyu 15:24 ya gaya wa wata Bakan'aniya cewa ba a aiko shi ba sai ga waɗannan tumakin. Bulus ma, wanda ake kira manzon al'ummai, ya rubuta a Romawa 15:8 cewa Almasihu ya zama mai hidima ga masu kaciya.

Haɗuwarsa da waɗanda ba Yahudawa ba kaɗan ce, ana iya ƙirga ta da yatsu: jarumin sojan Kafarnahum, mai aljannu na ƙasar Garasinawa, da matar nan ta yankin Taya da Sidon. A kusan dukkansu su ne suka zo wurinsa. Sai dai labarin matar bai tsaya a aya ta 24 ba. Ta nace, ya yaba bangaskiyarta, 'yarta ta warke. A ruwayar Markus 7:27 kuma maganarsa ita ce a bar 'ya'ya, wato Isra'ila, su ƙoshi tukuna. Wannan "tukuna" tana da nauyi, domin tana nuna jerin wanda za a fara da shi ne, ba rufe ƙofa ba.

To ina matsayin umarnin "ku almajirtar da dukkan al'ummai"?

Yana Matiyu 28:19, wato littafin nan guda da ya kawo hanin da ke sura ta 10. Marubucin bai ga saɓani tsakanin biyun ba: a wurinsa akwai lokacin Isra'ila kafin gicciye, akwai lokacin al'ummai bayan tashi daga matattu. Luka 24:47 da Ayyukan Manzanni 1:8 sun bi wannan tsari, daga Urushalima zuwa iyakar duniya. Ga mai neman hujja akwai abin lura: Markus 16:15 ma yana da irin umarnin, amma ayoyi 9 zuwa 20 na wannan sura ba sa cikin manyan tsofaffin kwafi biyu na ƙarni na 4, na Sinai da na Batikan, don haka bai kamata a dogara da ita kaɗai ba.

Kirista na karɓar umarnin a matsayin maganar Yesu. Masu binciken tarihi da yawa kuwa suna tambaya: in manzanni sun ji wannan umarni ƙarara, me ya sa aka yi shekaru ana gardama kafin a buɗe wa al'ummai ƙofa? Suna lura cewa an rubuta Markus wajen shekara ta 70, Matiyu da Luka tsakanin 80 da 90, lokacin da al'ummai sun riga sun cika ikilisiyoyi. Tambayar tana da ƙarfi, bai dace a share ta ba.

Abin da ke warware yawancin ƙullin shi ne Tsohon Alkawari. Begen Yahudawa kansa ya ƙunshi al'ummai. Farawa 12:3 ya ce ta wurin Ibrahim dukkan kabilun duniya za su sami albarka. Ishaya 2:2-4 ya hango al'ummai suna kwarara zuwa dutsen Ubangiji a kwanakin ƙarshe, 49:6 kuma ya kira bawan Allah haske ga al'ummai. Yesu ya yi irin wannan magana a Matiyu 8:11, cewa da yawa za su zo daga gabas da yamma su zauna cin abinci da Ibrahim da Ishaku da Yakubu. Saboda haka Bayahuden da ya gaskata Almasihu ya zo yana da dalilin sa ran al'ummai za su shigo. Abin da annabawa ba su fayyace ba shi ne sharaɗin shigar.

Ta yaya al'ummai suka fara shiga?

A hankali, kuma ba da wani shiri da aka tsara daga Urushalima ba. Mutum 3,000 da Ayyukan Manzanni 2 ya ce an yi wa baftisma ranar idin Fentikos Yahudawa ne da waɗanda suka shiga Yahudanci, ko da yake daga ƙasashe dabam-dabam suka zo. Masu bi na farko sun ci gaba da zuwa Haikali a lokutan addu'a.

Sauyin ya fara ne daga Yahudawa masu jin Helenanci. Bayan an jejjefe ɗaya daga cikinsu, Istifanas, har ya mutu, sai suka warwatse. Filibus ya yi wa'azi a Samariya, sannan a hanyar Gaza ya yi wa ma'ajin Kandake baftisma. Kandake sarauta ce ta sarauniyar Merowe, a ƙasar Sudan ta yau. Ayyukan Manzanni 11:19-20 ya faɗi abin da ya biyo baya dalla-dalla: waɗanda suka warwatse ba su yi wa kowa magana ba sai Yahudawa, amma wasu mutanen Kubrus da Kurane, ta Libiya ta yanzu, da suka isa Antakiya sai suka fara yi wa Helenawa wa'azi. Ba a ma ambaci sunayensu ba. A Antakiya ɗin ne aka fara kiran masu bi da suna Kirista.

Sai labarin Karniliyus, jarumin sojan Roma a Kaisariya, ɗaya daga cikin masu tsoron Allah. Sai da Bitrus ya ga wahayi sau uku a Yafa kafin ya yarda ya shiga gidansa. Da ya koma Urushalima, tuhumar da aka yi masa ita ce ya shiga gidan marasa kaciya har ya ci abinci da su.

Ke nan a kan me aka yi rigimar?

A kan kaciya da akushi. Babu wani ɓangare a cikin littattafan da ya ce a kori al'ummai. Wasu masu bi daga cikin Farisiyawa sun ce lalle a yi musu kaciya su kiyaye Shari'ar Musa, wato su zama Yahudawa tukuna. Hujjarsu ba ta banza ba ce, domin Farawa 17 ya kira kaciya alkawari na har abada. Bulus da abokin aikinsa Barnaba suka ce bangaskiya ga Almasihu da baftisma sun isa.

Ga Baheleni baligi wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kaciya tana da zafi da haɗari ga babba, Helenawa da Romawa kuma suna ɗaukarta nakasa da abin kunya. Batun abinci ya fi tsanani, domin ibadar masu bi a gidaje ake yi, ana cin abinci tare. Naman kasuwa sau da yawa daga hadayar gumaka yake fitowa. Bayahude mai kiyaye Shari'a ba zai sa hannu a irin wannan akushi ba, in kuwa ba a ci tare ba, jama'a ta rabu biyu.

An zauna a Urushalima wajen shekara ta 48 ko 49. Ruwayoyi biyu muke da su. A Galatiyawa 2:1-10, Bulus ya ce ya je da Titus, Baheleni, ba a tilasta masa kaciya ba. Yakubu ɗan'uwan Yesu da Bitrus da Yahaya suka ba shi hannu, aka raba aiki: su ga masu kaciya, shi da Barnaba ga al'ummai, da roƙo guda, a riƙa tunawa da matalauta. Ayyukan Manzanni 15 ya ƙara abubuwa huɗu da aka ce al'ummai su guje wa: abin da aka yanka wa gumaka, jini, maƙararriyar dabba, da fasikanci. Masana da dama na danganta su da dokokin Littafin Firistoci 17 da 18 a kan baƙon da ke zaune cikin Isra'ila.

Yarjejeniyar ta bar giɓi. Ta faɗi abin da ba a ɗora wa al'ummai ba, amma ba ta sauke wa Bayahude mai bi komai ba. Shi ya sa a Antakiya, da mutane suka zo daga wurin Yakubu, Bitrus ya janye daga cin abinci da al'ummai, Barnaba ma ya bi shi, Bulus kuma ya tsawata masa a gaban jama'a, kamar yadda Galatiyawa 2:11-14 ya nuna.

Gaskiya ne Bulus ne ya karkatar da saƙon zuwa al'ummai?

Wannan magana ta wuce gona da iri. Bisa Ayyukan Manzanni 11, an fara wa'azi ga Helenawa a Antakiya kafin Barnaba ya je Tarsus ya ɗauko shi, kuma ikilisiyar Roma ba shi ya kafa ta ba. Abin da ya yi shi ne ba wa aikin hujja ta ilimin addini da yaɗa shi a biranen Asiya Ƙarama da ƙasar Girka tsakanin shekarun 40 da 60. Bai kuma juya wa Isra'ila baya ba. Romawa 1:16 ya ce Bayahude da fari, sannan Baheleni. A Romawa 11 ya kwatanta al'ummai da reshen zaitun na jeji da aka ɗaura a jikin itacen gida, ya gargaɗe su kada su yi wa rassan asali fahariya, tunda saiwa ce ke ɗauke da su.

Yaya aka yi al'ummai suka rinjaya?

Cire sharaɗin kaciya ya sa masu tsoron Allah suka shigo da yawa, yayin da yawancin Yahudawa ba su karɓi Almasihun da aka gicciye ba. Sannan tarihi ya rushe cibiyar Yahudawa masu bi. An kashe Yakubu ɗan'uwan Yesu a shekara ta 62, kamar yadda Yusufus masanin tarihi ya rubuta. Sojojin Roma ƙarƙashin wani Titus dabam, babban kwamandansu, suka rushe Haikali a 70, aka ɗora wa kowane Bayahude harajin dinari 2 a shekara. Bayan tawayen Yahudawa ƙarƙashin Bar Kokba na 132 zuwa 135, Sarkin Roma Hadiriyan ya hana Yahudawa shiga Urushalima. Yusibiyus, marubucin tarihin ikilisiya, ya lissafa shugabannin ikilisiyar birnin 15 na farko, duk masu kaciya, bayansu sai wani mai suna Markus, na farko daga al'ummai. Wajen 144 har aka sami Markiyon a Roma yana cewa a yar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, ikilisiya ta ƙi, ta fitar da shi.

Me Alƙur'ani ya ce?

Suratu Ali Imrana aya ta 49 ta kira Annabi Isa manzo zuwa ga Bani Isra'ila, a Suratus Saff aya ta 6 kuma su yake kira da suna. Wannan ya yi daidai da Matiyu 15:24 game da waɗanda ya yi wa wa'azi a rayuwarsa. Saɓanin yana kan abin da ya biyo baya: Musulunci bai yarda da gicciye da tashi ba, umarnin zuwa ga al'ummai kuwa a bayansu Linjila ta ajiye shi.

Ina Yahudawan da suka gaskata da Yesu suka ƙare?

Sun daɗe fiye da yadda ake zato. A Ayyukan Manzanni 21:20 an gaya wa Bulus cewa dubban Yahudawa sun ba da gaskiya, dukkansu masu himmar Shari'a. Wajen shekara ta 160 marubucin Kirista Jastin Shahidi ya yarda a yi zumunci da masu bi da ke kiyaye kaciya da Asabar, muddin ba su tilasta wa al'ummai ba, ya kuma ce wasu Kirista ba su yarda da hakan ba. Wajen 180 wani shugaban ikilisiya, Iraniyus, ya ambaci Ebiyoniyawa, sunan da ya fito daga kalmar Ibrananci mai nufin matalauta, waɗanda suka riƙe Linjilar Matiyu kaɗai suka ƙi Bulus. Akwai kuma Nazarawa a yankin Sham, da marubutan ƙarni na 4 suka sani. Har a 386 da 387, malamin ikilisiya Yahaya Kirisostom yana wa'azi a Antakiya yana tsawata wa Kiristocin da ke zuwa majami'a suna yin azumi da idin Yahudawa, a birnin da aka yi rigimar akushi fiye da shekara 300 kafin nan.