Masu walda, baƙin tabarau na kasuwa ba ya kare ido

A sashen kula da ido inda nake aiki a nan Jos, da wuya mako ya wuce ban ga mai walda da aka riƙo hannunsa da sassafe ba, idanunsa jawur suna zubar da ruwa, yana cewa ji yake kamar an watsa masa yashi. Daga Dilimi suke zuwa, daga Farin Gada, har daga Bukuru, kuma yawancinsu yara ne masu koyon sana'a. Duk wanda na tambaya abin da ya sa a fuskarsa jiya, amsar ba ta canzawa: baƙin tabarau na kasuwa, ko kuma runtse ido da kau da kai.

'Yan'uwa, wannan tabarau na ado ne. Hasken walda yana ƙona ido, zafin kuwa ba ya tasowa sai bayan awa 6 zuwa 12, shi ya sa mutum zai tashi aiki lafiya lau, tsakar dare ya farka yana kuka. Na gaji da jin wai ido ya saba. Ido ba ya sabawa da wuta, lalacewa yake yi a hankali.

Iyayen gidan sana'a, da ku nake. Garkuwar fuska tana rataye a ƙusa ta yi ƙura, yaron da ke riƙe muku ƙarfe yana kallon wutar da tsirarin ido, alhali iyayensa amana suka ba ku. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta samar da kariyar ido a irin wannan aiki, amma ko babu doka, tsakani da Allah, wannan daidai ne? Na san kasuwa ta yi wuya, na kuma san garkuwar tana da zafi a fuska, sai dai kuɗinta bai kai na jinyar ido ɗaya ba.

Ku sa garkuwar walda ko da aikin na minti ɗaya ne, ku ba mai taya ku tasa. Wajen gurza ƙarfe ku sa farin tabarau mai rufe gefe. Idan ɓurɓushin ƙarfe ya shiga ido, kada a murza, kada a tono shi da ashana. Kada a ɗiga ruwan albasa, ko nonon uwa, ko maganin kemis da likita bai rubuta ba, domin wasu magungunan suna haddasa gilakoma, wato hawan jinin ido. A zo asibiti a ranar, kada a jira gobe.